Teburin Mutum Biyu a Sashen Lissafi

Ku matso kusa, masu karatu, don abin da zan ba ku yau ko Yayata da muke wuni a waya ban iya faɗa mata ƙarshensa ba. Ni malamar lissafi ce a wata sakandare, kuma auta a gidanmu. Tun ina ƙarama abu biyu aka san ni da su, kan lissafi da baƙin kishi. Na farkon shi ya samo mini aiki. Na biyun kuwa, yanzu za ku ji abin da ya samo mini.

Akwai wani malami a sashenmu da yara ke kira Malam Nemo-Eks, saboda ko rigimar ɗalibai aka kai masa sai ya naɗe hannun riga ya ce, "To, mu nemo eks," wato x ɗin nan da ake nema a aljebra. Dogo ne siriri mai tabarau, rigarsa kullum a goge, amma gwiwar hannunta fara fat da ƙurar alli. Magana ba ta dame shi ba, in ya jera miki jimla uku to ranar ya yi surutu. Ni da shi duk aljebra muke koyarwa. A nan muka saba, daga musu kan hanyar warware tambaya har aka kai inda aka kai. Shekara biyu muna tare babu wanda ya sani a makarantar, kuma ni na gindaya masa wannan sharaɗin, don na san bakin ofishin malamai.

A gida kam an sani, har an fara gajiya da sanin. Ranar Lahadi ina guga a falo, Umma na gefe tana ninke kayan wanki, sai ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Auta, wai shi malamin nan naki har yanzu bai samo eks ɗin ba ne?"

"Kai, Umma!"

"Ba wani kai Umma. Babanki jiya ya sake tambayata. Ya ce shi bai san muryar mutum ba, bai san fuskarsa ba, sai dai ya ga 'yarsa tana yi wa waya murmushi. In da gaske yake, ya zo a gan shi. In kuma wasa ne, ɗan ƙawata mai kemis ɗin nan har gobe yana aiko da gaisuwa."

Na turo baki na ajiye dutsen guga, na ɗauki waya na rubuta masa duk yadda aka yi, har da mai kemis ɗin, don ya ji a jikinsa. Ba a jima ba amsa ta shigo: "Ki faɗa wa Baba ranar Asabar bayan la'asar ina nan tafe, in Allah Ya so." Na karanta, na sake karantawa, har sai da Umma ta ce in ɗage dutsen kafin in ƙona mata zanin gado. Kafin magariba ta sa an sauke labulen falo za a wanke.

Da wannan farin cikin na shiga makaranta ran Litinin, cikin doguwar riga ruwan toka da mayafi mai ɗigon fari, ina gaishe da kowa har da wanda ba ma shiri. Sai aka ce shugabar sashe tana kiran taro. Mama Shugaba muke ce mata, dattijuwa ce gajera mai kauri, tabaranta kullum a kan karan hanci, kuma ba ta maimaita magana.

"Daga zangon nan," in ji ta, "an daina yanka wa yara lissafi gunduwa-gunduwa. A da shekarar farko aljebra, ta biyu jiyometiri, ta uku a ɗan taɓa ƙididdiga a gurguje, yaro ya fita ya manta na farkon. Sabuwar manhajar a haɗe take. Kowace shekara za su yi aljebra da giraf, su yi siffofi da kusurwoyi, su yi ƙididdiga da lissafin yiwuwa, sannan a shigo da tirigonometiri, a riƙa zurfafawa ana hawa. Kowane yaro sai da kalkuleta, da kamfas da rula, da takardar giraf. Kowane zango akwai aikin hannu da zai haɗa ɓangarorin duka, kuma makinsa yana cikin sakamako. Wanda bai haye shekarar farko ba, ba zai taka ta biyu ba."

Baba Kamfas, tsohon malamin jiyometiri da ya kusa ritaya, ya yi gyaran murya. "Hajiya, ni fa rabona da ƙididdiga tun ina da baƙin gashi."

"Shi ya sa ba za ka shiga aji kai kaɗai ba. Malamai biyu-biyu za a haɗa, teburinsu ɗaya, ajinsu ɗaya, su ɗauki yaran tun daga shekarar farko har su fita. Kowa ya nemi wanda yake da abin da shi ba shi da shi. Ga kuma sabuwar malamar da aka turo mana, ƙididdiga ce fanninta."

A lokacin na lura da ita. Tana zaune can gefen taga, fara sol, cikin riga ruwan zuma da aka ɗinka daidai jikinta, da jan takalmi mai tsini da ban san yadda za ta tsaya da shi a gaban allo ba. Ta miƙe ta gaishe mu da wata murya mai sanyi, ta koma ta zauna, ta laluba jakarta, sannan ta ɗan karkata wajen na kusa da ita ta ce, "Don Allah Malam, ara mini biro." Na kusa da itan kuwa ba kowa ba ne sai Malam Nemo-Eks. Ya zaro biron aljihunsa, wanda ni na saya masa, ya miƙa mata. Mama Shugaba ta ci gaba da zayyano ƙa'idojin haɗa malamai ɗaya bayan ɗaya, amma wallahi ko kalma ɗaya ban ji ba. Kunnena ya toshe, idona yana kan biron nan da take juyawa a tsakanin yatsunta. Daga ranar na sa mata suna Sabuwa, kuma ban taɓa kiranta da wani abu ba a zuciyata.

Duk da haka hankalina a kwance yake. Cewa na yi, wa zai zaɓa in ba ni ba? Har na fara tunanin ɓangaren teburin da zan ɗauka, da inda zan ajiye filas ɗin shayinmu.

Ran Talata aka ce Sabuwa za ta yi darasin gwaji mu ga yadda ake haɗa ɓangarorin. Na je ne da niyyar in ga ta kwafsa. Maimakon ta tsaya a aji, sai ta kwashi yaran ta fita da su bayan makaranta wurin tankin ruwa. Ta ce su gano mata tsawon tankin ba tare da kowa ya hau ba. Ta kafa sanda a ƙasa, suka auna sandar da inuwarta, suka auna inuwar tankin. Ta zana musu alwatika biyu a ƙasa da tsinke, ƙarama da babba, ta nuna musu kamanninsu ɗaya. Daga nan ikweshan ɗin aljebra ya fito da kansa, yara suka nemo tsawon. Da amsoshin rukuni-rukuni suka sha bamban, sai ta ce a tattara su duka a fitar da matsakaici, a kuma duba wa ya yi nisa da sauran, da dalilin da ya sa. Jiyometiri, aljebra da ƙididdiga, duk a gindin tanki ɗaya. Wata yarinya da nake fama da ita tun bara ba ta buɗe baki a ajina, sai ga ta tana tsalle tana cewa ita ta fara samu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne darasin ya yi kyau. Na so in sami abin kushewa, ban samu ba sai jan takalmin da ya yi ƙura. Sannan ku tambaye ni wa ya riƙe mata bakin tef ɗin awo. Mutumin da in na ce ya raka ni bakin titi sai ya ce rana ta yi zafi, shi ne durƙushe a cikin ranar, ya danne tef da babban yatsa, tana ce masa "Malam, ɗan matsa hagu," yana matsawa. Har dariya na ga ya yi, haƙora a waje. Na juya na koma ofis kafin a tashi.

Ran Laraba Mama Shugaba ta karanto yadda aka haɗa mu. "Malamin aljebra da sabuwar malama, aji na farko. Shi ya nemi haka." Ni kuma aka haɗa ni da Baba Kamfas. Wasu suka yi tafi. Wata malamar Turanci da ta leƙo aron alli ta ce, "Kai, wannan haɗin ya yi, kamar an auna." Na yi murmushi irin wanda ake yi wa mai ɗaukar hoto, hannuna a ƙarƙashin tebur yana murƙushe gefen mayafina.

Shi ya nemi haka. Wannan maganar ce ta riƙa yi mini amsa-kuwwa har gida. Shekara uku, masu karatu! Tebur ɗaya, kai da kai a kan takardar giraf, ta ara biro yau, gobe ta ari rula, jibi ban san me za ta ara ba.

Ina shiga ɗaki na jefar da jaka a kan gado, saƙonsa ya shigo.

"Kin fita ban gan ki ba. Akwai maganar da nake so mu yi."

"Ka yi da abokiyar teburinka."

"Akwai dalili. Ba na waya ba ne, sai mun haɗu."

"Riƙe dalilinka, Malam. Na ga dalilin da idona, jan takalmi gare shi."

Ya kira, na ƙi ɗauka. Ya sake kira, na kife wayar a ƙarƙashin filo ina jin tana kuka, ina jin daɗin kukan nata. Daga baya ya rubuto, "Maganar Asabar tana nan." Na karanta ban amsa ba, na bar shi ya ga alamar na karanta.

Washegari da yamma Yaya ta zo kawo labulen da ta sake wa baki, don ita tela ce. Ta same ni a ɗaki na baje tsofaffin littattafan ƙididdigata na kwaleji a ƙasa, ina ta fama da su kamar mai jarrabawa gobe.

"Ikon Allah! Auta, ba ke ce kike cewa ƙididdiga lissafin 'yan gulma ba ne, a tattaro na wannan a tattaro na wancan?"

Na ba ta labari tun daga biro har tanki. Ta zauna a bakin gado tana dariya har da riƙe ciki.

"To ke yanzu mene ne naki? Mutum ya ce Asabar zai zo gaban Baba. Ita mai takalmin gidan ubanta ya ce zai je?"

"Yaya, ba ki gan ta ba ne."

"Ko na gan ta. An ce kowa ya nemi mai abin da ba shi da shi. Ke da shi hannu ɗaya ne, dama da dama. In na ɗinka riga da hannun dama biyu wa zai sa?"

"Ni ma ai na yi ƙididdiga."

"Kin yi, kin tsallake da ƙyar, ni na yi miki rarrashi ranar da sakamako ya fito. Ki kira bawan Allah ki ji dalilinsa."

"Ba zan kira ba. In yana da dalili ai da ya faɗa kafin ya zaɓa."

Ta miƙe tana yafa mayafi. "Wannan kishin naki tun na 'yar tsana ne, har yau bai girma ba. Ki dai bi a hankali, kada ki ɓata wa Umma wankin labule."

Na ji maganarta, amma ta kunne ɗaya ta shiga. Na riga na yanke abin da zan yi.

Ran Juma'a na yi kwalliyar da ban taɓa yi wa makaranta ba. Riga shuɗiya mai aikin zare a wuya, mayafi fari ƙal, turare har sai da Umma ta yi atishawa, da takalmina mai tsini da nake ajiye wa fita ta musamman. A bakin ofis Malam Nemo-Eks ya tare ni, idonsa duk ya faɗa.

"Ki ba ni minti kaɗan bayan darasi na biyu."

"Ina da aiki," na ce, na wuce shi ina ƙwas-ƙwas.

Da aka fita hutun rabin rana na nufi ofishin Mama Shugaba. Hanyar ta bi ta gaban tagar sashenmu, kuma da ma ban waiga ba. An riga an shigo da sababbin teburan, masu faɗi, kowanne da kujera biyu a jere. Shi da Sabuwa suna zaune a nasu. Ta shimfiɗa babbar takarda tana nuna masa yadda za su jera darussan zango, shi kuma ya cire tabarau ya sunkuya yana kallo, kafaɗarsu saura ƙiris ta haɗu. Ta faɗi wani abu, ya gyaɗa kai irin gyaɗawar da yake yi mini in na warware tambaya ta hanyar da ta burge shi. Ni kaɗai na san wannan gyaɗa kan, ko in ce a da ni kaɗai na san shi.

Na yi sallama na shiga wurin Mama Shugaba. Tana shan shayi, fanka na ta ƙara a samanta.

"Mama, alfarma na zo nema. Ina so a mayar da ni aji na farko, tare da malamin aljebra."

Ta ajiye kofin. "Ku biyun ai fanninku ɗaya. Wa zai ɗauki ƙididdiga da lissafin yiwuwa?"

"Ni. Na yi su a kwaleji, kuma na koma ina bita. Baba Kamfas ma da bakinsa ya ce ƙididdiga ta gagare shi, shi ya fi buƙatar sabuwar malama. In aka bar ni da shi, ajinmu ba mai ƙididdiga ko ɗaya."

Wannan kam gaskiya ce, kuma na ga ta shige ta. Ta kalle ni ta saman tabarau.

"Kin ji ƙa'idar da na faɗa ran Litinin?"

"Na ji, Mama," na ce, alhali ban san wacce take nufi ba.

"To bari in tuna miki. Malaman aji ɗaya su ke duba makin juna. In ya ba yaro maki a aikin hannu, ke za ki tabbatar, in kin bayar, shi zai tabbatar. Saboda haka ba a haɗa miji da mata, ba a haɗa 'yan uwa, ba a haɗa waɗanda ke da maganar aure a tsakaninsu. Yanzu ki faɗa mini, 'yata. Akwai wani abu tsakaninki da shi?"

Masu karatu, na san abin da kuke cewa. Ni ma wani abu ya ɗan gifta mini a lokacin, kamar in tsaya in haɗa wannan da wancan. Amma hoton tagar nan ya fi ƙarfi. Zuciyata ta ce, ai shekara biyu kuna ɓoyewa ba wanda ya gane. Ki karɓi teburin tukuna, in an ɗaura aure sai su san yadda za su yi da ku, lokacin ita ta riga ta kafu can wurin Baba Kamfas. Shi kuwa da wannan ne dalilinsa, ai ba zai iya faɗa wa kowa ba, tunda kin hana shi.

"Babu komai, Mama. Aiki ne kawai ya haɗa mu."

Ta cire tabaran gaba ɗaya, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. "Ni ba na maimaita tambaya, amma yau zan maimaita. Babu wata magana tsakaninku? Ko ta wasa?"

Na ma ƙara da dariya don ta yarda. "Haba Mama, ni da Malam Nemo-Eks? Ko kusa. Gaisuwa ce kawai."

Ta daɗe tana kallona, fuskarta ta canja, ba ta fushi ba, wani abu dai da ban gane ba. Sannan ta ce, "Shi ke nan. Hujjarki a kan Baba Kamfas mai ƙarfi ce. Je ki, zan gyara. Ki turo mini shi."

Na fito kamar in taka rawa a baranda. Na aika masa wani malami ya isar da kiran, ni kuma na shiga ajina na yi darasin da ban taɓa yi da irin wannan kuzarin ba.

Bayan an tashi na koma ofis. Kowa ya watse. Sabuwa ta riga ta kwashe kayanta zuwa teburin Baba Kamfas, har ta bar mini babbar takardar da suka fara tsarawa, da ɗan rubutu a gefe wai in ina buƙatar taimako a ƙididdiga in neme ta. Na ja tsaki na ture takardar. Na jera littattafaina a ɓangaren taga, na ajiye filas a tsakiya, na zauna na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya ina jiransa.

Ya shigo a hankali. Bai zauna ba. Ya tsaya a bayan kujerar da ke gefena ya riƙe ta da hannu biyu.

"Barka da sabon tebur," na ce ina murmushi. "Ka ga ai ba wuya."

"Ran Talata bayan darasin tanki na je wurin Mama Shugaba," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Na ce mata kada ta haɗa ni da ke, domin ke zan aura, kuma Asabar zan je gaban mahaifinki. Ta yi murna har ta sa mini albarka. Na san na karya sharaɗinki, shi ya sa na so in faɗa miki baki da baki in ba ki haƙuri."

Na ji ƙafata ta sauko da kanta daga kan ɗayar.

"Yau ta kira ni. Ta ce ta tambaye ki har sau biyu, kin ce gaisuwa ce kawai, har da dariya." Ya saki kujerar. "Ta ce ita ta ɗauke ni mutumin kirki. Ta ce in ji tsoron Allah in daina jingina kaina da 'yar mutane da ba ta san ina yi ba. Ta ce ta haɗa mu ne don hujjarki ta aiki gaskiya ce, amma idonta yana kaina, in na sake na takura miki sai ta kai maganar gaba."

"Wayyo Allah! Ba haka nake nufi ba, wallahi ba haka ba ne. Ni dai ita ce ba na so ta..."

"Ban ƙaryata ki ba. Na ce mata kuskure ne daga wajena, na ba ta haƙuri."

Na miƙe har filas ya kusa faɗuwa. "Yanzu zan koma in gaya mata gaskiya!"

"Ta tafi." Ya ɗauki jakarsa ya rataya. "Kuma wacce za ki gaya mata daga ciki? Ni kaina yanzu ban san wacce ba ce."

Na kira sunansa, sunan da ni kaɗai ke kiransa da shi, bai waiga ba. Tunda nake da shi bai taɓa jera magana mai tsawon wannan ba, kuma da ma bai jera ba.

Daren ranar da safiyar Asabar na tura saƙo ya fi a ƙirga. Na ba da haƙuri, na yi rantsuwa, na tura murya ina kuka, na goge, na sake turawa. Duk ya karanta. Bai amsa ko ɗaya ba, ya bar ni ina kallon alamar. Na kira Yaya na fara ba ta labari, da na zo wurin ofishin Mama Shugaba sai na kasa, na ce mata cajina ya ƙare.

Gidan kuwa tun hantsi ake ta hidima. An goge tayil har yana ɗaukar ido, an fito da kofunan gilashin da ba a taɓa su sai da baƙo na musamman, an jera lemo da ruwa a firij. Umma ta sa ni na canja kaya har sau biyu, ta ce shuɗin ya fi karɓata, ita ba ta san shuɗin nan ko ganinsa ba na son yi ba. Ta dubi idona ta ce, "Kukan me kuma? Tun yanzu? Ai ba yau za a kai ki ba." Na ce mata turare ne ya shige mini ido.

Baba ya dawo daga sallar la'asar ya sa babbar rigarsa fara, ya zauna a kujerarsa ta falo da carbi a hannu. Mutumin da ko labarai ba ya yarda su wuce shi, yau ya ce a kashe talabijin. Duk motar da ta wuce a layi sai Umma ta ɗaga labule. Ni ina tsaye a ƙofar kicin, waya a hannu. Rana ta fara yin sanyi, inuwar katanga ta rufe tsakar gida, ƙanƙarar da aka zuba a jug ta narke.

Baba ya dubi agogon bango, sannan ya dube ni. "Auta, kira shi mana ki ji, ko ya ɓata hanya ne."

Kafin in motsa wayar ta yi ƙara a hannuna. Sunansa ne. Na juya baya na buɗe. Hoton takarda ne da rubutun hannunsa mai tsafta, an raba ta gida biyu da rula. A ƙasa ya rubuta:

"Malama, barka da yamma. Ga tsarin darussan makon farko. Ni zan ɗauki aljebra da giraf, ke ki ɗauki ƙididdiga kamar yadda kika nema. Sai Litinin a ofis."

Tunda muka fara, bai taɓa ce mini Malama ba sai a gaban mutane.

Umma ta matso ta dafa kafaɗata, fuskarta cike da fara'a, ta rage murya don kada Baba ya ji zumuɗinta.

"Shi ne ko? Ya ce ya iso ina?"